Ƙorafin Sababbin Injiniyoyin Sinadarai a Kan Rufe Musu Ƙofar Aiki a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Gidan Gwamnati, Kano.

Ta hannun Mai Girma Kwamishinan Ciniki da Masana'antu.



Ranka ya daɗe, mu ne 'ya'yanka da ƙannenka, maza da mata, 'yan wannan jiha da muka karanci injiniyancin sinadarai. Wasunmu Jami'ar Bayero ce ta yaye su, wasu Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu kuma daga Minna da Bauchi da Maiduguri suka dawo. Karatun shekara biyar ne a takarda, amma yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 kaɗai sun cinye mana wata goma sha bakwai. Mun gama, mun yi hidimar ƙasa, mun dawo gaban iyayenmu da kwali a hannu.

Ba aikin gwamnati muka zo nema ba. Mun san yadda albashi ya riga ya danne asusun jiha, kuma ba a horar da mu don zaman ofis ba. Wurin aikinmu masana'anta ce, kusa da tukunyar tururi da tankin sinadari da ɗakin gwaje-gwaje. Kukanmu shi ne ƙofar shiga wannan wuri ta farko a rufe take, alhali wani ɓangare na mabuɗinta yana hannun gwamnatinka.

Duk wanda ya taɓa yawo da takardunsa a rukunin masana'antu ya san yadda abin yake. Iyakarka bakin get. Maigadi ya karɓi ambulan, ya ce manaja ba ya nan, ya ajiye ta a kan 'yan uwanta. In an yi sa'a aka shigar da kai, tambayar farko ita ce a ina ka taɓa aiki, shekara nawa. Ka ce yanzu ka gama, sai a ce masu gogewar shekara uku zuwa biyar ake nema. To a ina sabon yaye zai samo shekara ukun, tun da kowace ƙofa amsarta ke nan? Wanda ya tsallake wannan shinge, in ka bincika, za ka tarar ɗan wani ne ko yaron wani. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwonsa gaya, mu kuwa yawancinmu 'ya'yan malaman firamare ne da 'yan kasuwar tebur da manoma.

Abin bai tsaya a nan ba. Hukumar COREN, wadda doka ta ɗora wa kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, ba ta yi wa mutum rajista sai ya kawo shaidar aikin shekara huɗu bayan digiri, a ƙarƙashin idon injiniya mai rajista. Wannan sharaɗi daidai ne, ba mu ƙi shi ba, domin ba a damƙa wa ɗanyen hannu injin da zai iya hallaka mutane. Sai dai in babu mai ɗaukar ka, shekara huɗun ba za ta fara ƙirguwa ba. Ga kuma manyan kamfanonin ƙasa da ke ɗaukar sababbin ɗalibai don horarwa, yawancinsu suna yanke iyakar shekarun haihuwa ƙasa da talatin. Wanda yajin aiki ya riƙe, ya jira kiran hidimar ƙasa, ya ƙara shekara biyu yana yawon get-get, kafin ya ankara ya tsufa da aikin da bai taɓa yi ba.

Za a ce ai akwai horon wata shida da ake tura ɗalibai masana'antu a aji huɗu, ƙarƙashin shirin SIWES na asusun horar da ma'aikata, ITF. Haka ne, kuma waɗanda suka dace da wuri mai kyau sun amfana. Amma da yawanmu sun ƙare watannin ne suna rubuta lambar motocin da ke shiga da fita, ko a ce su tafi gida su dawo ranar sa hannu a littafi. Hidimar ƙasa ma aji aka tura akasarinmu muka koyar da lissafi da kimiyya, domin an daɗe da hana tura masu hidima kamfanoni masu zaman kansu, sai a ƙarshen 2024 aka ɗage wannan hani. Koyarwa aiki ne mai daraja, amma ba ita mai masana'anta yake tambaya ba.

Ranka ya daɗe, ba za mu zalunci masu masana'antu a wannan takarda ba. Mun san halin da suke ciki. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Kano suke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Iyayenmu suna ba mu labarin lokacin da jiniyar canjin ma'aikata ke tashi a Bompai titi ya cika da kekuna, lokacin da masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda ke ciyar da dubban gidaje. Yau atamfar da ta cika Kantin Kwari daga Sin take zuwa, wasu tsofaffin masana'antun kuma sun koma rumbunan ajiyar kayan waje. Waɗanda suka rage suna fama da janye tallafin mai na Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, sannan a Oktoban shekarar Arewa ta kwashe kwanaki a duhu bayan lalacewar layukan da ke kawo mata wuta. Mutumin da ke ƙone ribarsa a dizal, ba abin mamaki ba ne ya ji tsoron ƙara ko da mutum ɗaya a takardar albashi.

Duk da haka, in aka ce babu aikin injiniyan sinadarai a Kano, ba a faɗi gaskiya ba. Aikin yana nan jibge ba a yi. Wanda yake shakka ya je ya tsaya a bakin rafin Salanta, wanda ke kwashe dagwalon Sharaɗa ya nufi kogin Chalawa da shi, ko rafin Getsi da ke ɗauko na Bompai ya haɗe da Jakara har madatsar Wasai a Minjibir. Launin ruwan da warinsa sun ishe shi bayani. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo a gefen rafukan, a kawo su kasuwannin birni mu saya mu ci. A gaɓar kogin Chalawan nan kuma wasu daga cikin matatun ruwan shan Kano suke. Malaman jami'o'inmu sun yi ta aunawa suna rubutawa shekara da shekaru, har wasunmu a kan wannan ruwa suka yi binciken kammala digiri, aka ba su maki, aka ajiye kundin a kanta.

Bari mu ɗan tsaya a kan jima, domin ita ce sana'ar da Kano ta fi shahara da ita tun zamanin da fataken hamada ke kai jar fatar akuyarmu Arewacin Afirka, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko. Majemin gargajiya da bagaruwa yake aiki. Majemar zamani kuwa da gishirin kurom take jima, shi ne ke ba fata wannan shuɗin da ake kira wet-bulu. A yadda aka saba yi, abin da fata ke sha daga kurom ɗin da aka zuba bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, sauran yana bin ruwa ya fita. Wato mai majema ya sayi sinadari da dala, ya biya kuɗin fito da na mota daga Legas, sannan ya zubar da kusan sulusinsa a kwata, ya gurɓata ƙasa da shi. Alhali hanyar ƙwato shi sananniya ce, ana yin ta a majemun Indiya da wasu ƙasashe: a ware ruwan kurom daban kada ya gauraya da sauran, a zuba masa magnisiyam oksaid kurom ɗin ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama, a narkar da na ƙasan da asid a mayar da shi ganga. Ba sihiri ba ne, lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita ne, wanda muka fara koyo tun aji biyu. Amma yana son mutumin da zai tsaya a kansa kullum yana aunawa. Haka kuma ruwan cire gashi mai ɗauke da salfaid, in ya haɗu da ruwa mai asid a kwata ɗaya, iskar da ke tashi tana iya kashe lebura a cikin rami kafin a kai masa hannu. Raba waɗannan magudanai biyu aikin injiniya ne.

Haka abin yake a sauran sassa. Masu tatsar man waken suya da na gyaɗa suna amfani da hekzen, sinadarin da ke tafasa a zafin da bai kai maki 70 ba, mai kama wuta da ƙyas ɗaya. Kowace lita da ta tsere asara ce kuma haɗari ce. Injinan gyaran shinkafa da suka yawaita a jihar nan kowanne da tukunyar tururinsa, kuma tukunyar da ba a gyara ruwan da ake ba ta sai ta yi tsatsa da dattin ciki, ta riƙa cin makamashi fiye da ƙima, wata rana ta fashe. Ga masu sabulu, da fenti, da robobi, da lemo, da haɗa taki, da ruwan leda. A wurare da dama wanda ke riƙe da waɗannan ayyuka tsohon ma'aikaci ne da ya koya da ido, kuma wallahi muna girmama shi, ya san injinsa fiye da yadda littafi zai koya mana. Abin da muke so shi ne a tsayar da mu kusa da shi, mu ɗauki nasa, shi ma ya sami wanda zai lissafa masa abin da ido ba ya gani.

Me ya sa ba a yin haka? Domin zubar da dagwalo a rafi ya fi ɗaukar injiniya araha, muddin babu mai tambaya. Dokar kuwa tana nan. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da majemu, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Jiha ma tana da Ma'aikatar Muhalli. Ranar da aka fara aiki da waɗannan ƙa'idoji da gaske, ranar masana'antu za su fara neman irinmu da kansu, ba sai an roƙe su ba. Rashin aikinmu da ƙazantar Salanta tushensu ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da suka fi yi mana ciwo, kuma mun ga ya wajaba su kai kunnenka. Na farko hayar kwali. Hukumomin kula da ingancin kaya suna neman masana'antar abinci ko abin sha ta nuna tana da mai ilimin kimiyya da ke kula da sarrafawa da inganci. Sai wasu su kira ɗaya daga cikinmu, su karɓi kwafin takardunsa su sa a fayil, su ce ya zo ranar da masu duba za su zo, a sa masa farar riga ya tsaya. Bayan sun tafi a ba shi na mota. Wasunmu sun yarda, yunwa ce ta sa, ba kuwa don ba su san cewa in kayan ya cutar da jama'a sunansu ne a rubuce ba. Na biyu, wanda aka ɗauka ma sau da yawa ta hannun ɗan kwangilar lebura ake ɗaukarsa, a matsayin ɗan wucin gadi: awa goma sha biyu a tsaye, babu takardar kama aiki, babu safar hannu ko abin rufe hanci na kirki, kuɗin wata kuma bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatinka ta sanar a 2024 ba. Wanda bai da takardar kama aiki, da me zai nuna wa COREN ko wani kamfani cewa ya taɓa aiki? Shekarun sun tafi a banza ke nan. 'Yan uwanmu mata kuwa tun a bakin get ake sallamar su, a ce aikin dare ne ba na mace ba, ko da ɗakin gwaje-gwaje suka nema, inda da rana ake aiki.

Game da baƙi 'yan ƙasashen waje da ke riƙe da manyan guraben fasaha a masana'antu da yawa, ba mu da gaba da kowa. Kano garin baƙi ce tun fil azal, kuma Kwarori da Indiyawa da 'yan Sin da suka zuba dukiyarsu a nan sun ɗauki ɗawainiyar gidaje masu yawa. Amma ƙa'idar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ce duk gurbin da aka ba baƙo, a haɗa shi da 'yan ƙasa biyu masu koyo a ƙarƙashinsa domin su gaje shi. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na Fabrairun 2018 ma ya hana ba da izinin shigowa ga wanda ake da mai irin ƙwarewarsa a gida. Muna tambaya cikin ladabi: su wane ne waɗannan masu koyo a Sharaɗa da Chalawa da Bompai? Sunayen da ke cikin fayil, akwai masu su a bakin injin?

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne gwamnatin jiha ta zauna da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, reshenta na Sharaɗa da Chalawa da na Bompai, tare da cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da COREN da ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta ƙasa da jami'o'inmu, a fito da tsarin horon shekara biyu ga sababbin injiniyoyi a cikin masana'antu. A ɗauki mutum ta hanyar jarrabawa a fili, ba ta wasiƙar wani babba ba. A ba shi takarda, a haɗa shi da wanda zai kula da shi, a riƙa sa hannu a littafin aikinsa yadda COREN za ta karɓa. Kuɗin alawus a raba shi tsakanin gwamnati da kamfani. Ba sai an ƙirƙiro sabon asusu mai ofis da motoci ba. Kamfanoni suna biyan ITF kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu duk shekara, kuma doka ta yarda a mayar musu har rabin abin da suka biya in sun nuna sun yi horo; a taimaka musu su karɓo wannan kuɗi ta wannan hanya. Jiha kuma tana da abin da masu masana'antu ke so a hannunta: fili, da takardar mallaka, da sassaucin haraji da kuɗin ƙasa, da gyaran titunan rukunin masana'antu, da wutar da ake sa ran samu daga madatsun Tiga da Chalawa. Duk wanda zai ci moriyar ɗaya daga cikin waɗannan, a sa masa sharaɗin yawan matasan da zai horar gwargwadon girmansa, kuma a riƙa zuwa ana ƙirga su da ido.

Muna roƙon a tsaya a kan maganar dagwalo. Mun san ƙaramar majema ba za ta iya gina cikakkiyar matata ita kaɗai ba, shi ya sa maganar matatar haɗin gwiwa a kowane rukuni ta daɗe ana yin ta. A mayar da ita aiki. Kafin nan, a wajabta wa kowace masana'anta mai sakin ruwa ta kawo sakamakon awonsa a kai a kai, da sa hannun ma'aikacinta na dindindin wanda za a iya samu a wurin kowace rana aka zo ba tare da sanarwa ba. Wannan kaɗai zai kashe hayar kwali. Ma'aikatar Muhalli da Hukumar Ruwa su ma suna bukatar masu awo a matatun Chalawa da Tamburawa da Watari.

Abin da yake na tarayya ne, kamar binciken guraben baƙi da duba lafiyar masana'antu da hukunta masu ɗaukar ma'aikata ba takarda, mun san ba a ƙarƙashinka yake ba. Amma wasiƙar gwamna tana isa inda tamu ba ta isa, kuma muna roƙon ka rubuta ta.

Mun ga yadda gwamnatinka ta dawo da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje a 2023, cikinsu har da abokan karatunmu, kuma mun yaba. Sai dai wanda ya dawo daga Indiya da digiri na biyu, in bai sami gurbin koyarwa ba, get ɗin da muke tsaye nan zai zo ya same mu, tambayar da aka yi mana ita za a yi masa. Kaɗan daga cikin abin da ake kashewa a kan kujerar jirgi da kuɗin makaranta zai isa ya buɗe masa ƙofar masana'anta a gida. In ba haka ba, Kano za ta ci gaba da biyan kuɗin karatu wasu su ci amfanin: masu ƙoƙarin cikinmu suna can matatar Dangote da ke Lekki, da kamfanonin taki na Fatakwal, da na siminti a Sakkwato da Obajana, wasu sun haye Saudiyya da Ƙatar. Waɗanda nauyin iyaye ya hana tafiya suna nan suna jan adaidaita sahu, ko suna zaune a rumfar POS.

Ga kuma bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 aka yi ta ɗaga ranar gama shi. Duk ranar da gas ya iso Kano, masana'antu za su nemi masu juya tukwanensu daga baƙin mai da dizal zuwa gas, da masu kula da matsinsa da tsaronsa, kuma a lokacin ma masu gogewar shekara uku zuwa biyar za a ce ana nema. In ba a fara horar da 'yan gida tun yanzu ba, daga wani wuri za a ɗauko su.

Muna roƙon a ba wakilanmu dama su gana da kai, ko da Mai Girma Kwamishina, a gaban wakilan masu masana'antu, domin kowa ya faɗi nasa a ji. Za mu zo da jerin sunayenmu da takardunmu, da kundayen binciken da muka yi a kan ruwan Salanta da Getsi, da shaidar waɗanda aka yi hayar kwalinsu ko aka ɗauka ba takarda, matuƙar za a ba su tabbacin ba za a kore su daga ɗan abin da suke samu ba. Mun aika kwafin wannan takarda ga Kwamitin Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a na Majalisar Dokokin Jiha da Ma'aikatar Muhalli.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka masu biyayya,
A madadin matasan Jihar Kano da suka kammala karatun injiniyancin sinadarai suke neman aikin farko.